"Haƙori Ne, Zai Wuce": Kwanakin Da Ke Cinye Yaran Zangon Kumasi

Kafin ladan ya sauke kiran assalatu a Aboabo, mai koko ta riga ta hura gawayi. Gidan irin gidajen hayar nan ne da suka cika Zangon Kumasi: ɗakuna goma sha wani abu sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ta ratsa daga wannan bango zuwa wancan. Wata matashiyar uwa ta fito da ɗanta a kafaɗa. Watansa bakwai, jikinsa ya kwana rau kamar garwashi, ya yi zawo sau huɗu tun bayan isha'i. Ba ta kai ga wanke fuska ba, an riga an raɗa wa ciwon suna har uku. Tsohuwar gidan ta sa yatsa ta shafa dasashinsa, ta ce, "Haƙori ne, 'yata, zai wuce." Maƙwabciyar da ta tashi cikin Asantawa ta dubi yadda maɗigarsa ta faɗa, ta ce ita kam ciwon jarirai da suke kira asram take tsoro. Wata kuma ta tuna shekaranjiya an je da shi gidan biki, ana ta yaba ƙibarsa ba mai cewa tubarkalla, don haka baki ne ya kama shi.

Duk wanda ya zauna a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, ko Akwatia Line, ya san irin wannan safiya, domin kullum ana yin ta a wani gida. Cikin matan nan uku babu mai nufin yaron da sharri. Kowace tana ba da abin da ta gada ne, da zuciya ɗaya. Sai dai kowane suna yana da ƙofar da yake turawa. Haƙori na tura uwa kantin magani na bakin layi. Asram na tura ta wurin mai ganye. Baki na tura ta wurin malam a yi tofi, a wanko rubutu. Asibiti kan zama ƙofa ta huɗu, kuma sau da yawa sai a kwana na uku ko na huɗu ake ƙwanƙwasa ta, lokacin da yaro ya daina kama nono.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Zango ba ƙauyen bayan dutse ba ne. Yana tsakiyar birni na biyu a girma a ƙasar Gana. Asibitin gwamnati na Manhyia yana nan kusa da fadar Asantehene, sarkin Asantawa, tafiyar 'yan mintoci a keken firagiya. Asibitin mata da yara yana gefen kasuwar Kejetia. Akwai na Tafo. Ga kuma babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira "Gee" da sunan kamfanin da ya gina shi a tsakiyar shekarun 1950, inda aka buɗe sabon ginin jarirai da iyayensu a watan Janairun 2018. Tazarar da ke tsakanin yaron Zango da likita, da kwanaki ake auna ta, ba da mil ba.

Ƙasar kuwa ta yi rawar gani. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 1988 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 155 ba sa kai shekara biyar. Irin wannan binciken na 2022 ya samu adadin ya sauko zuwa 40. Kakannin da ke tsakar gidajenmu a yau sun yi haihuwarsu a waccan duniyar ta farko, lokacin da mace kan haifi tara ta binne uku, kuma magungunan da suka sani su ne suka raka su cikin wannan baƙin ciki. Shi ya sa ba na son in ji ana kiran su jahilai. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai ƙofar da ta fi tasu kusa da waraka.

Zango ma gadon magani biyu ya ci. Fataken goro da suka sauko Kumasi bayan yaƙin Salaga na 1892, da waɗanda suka biyo su bayan Turawan Ingila sun kama garin a 1896, sun zo da wanzami da ungozoma da malamin allo. Suka tarar da Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, da nasu ganyaye da nasu sunayen cututtuka. Mosawa da Dagwambawa da Zabarmawa da sauran masu zuwa daga arewa kowa ya ƙara nasa. Yaron da aka haifa a Zango yau, duk waɗannan hannaye suna kansa.

Haƙorin da ake ɗora wa laifi

Haƙorin farko kan ɓullo ne wajen wata shida. A daidai wannan lokaci ne garkuwar da jariri ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne aka fara ɗura masa koko da ruwan leda. A lokacin ne kuma ya fara rarrafe a sumuntin tsakar gida, duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki. Cututtuka sun samu hanya ta ko'ina, haƙori kuma ya fito a idon kowa, sai aka ɗora masa laifin. Fitar haƙori na sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau da ɗan rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo zawo kamar ruwa, ba ta sa yaro ya shiɗe.

Maganin haƙorin da ake saye a kanti ma yana da nasa tarihin mai ɗaci. A ƙarshen 2008, wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 a Najeriya, saboda an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoban shekarar. Iyayen yaran nan da kuɗinsu suka saya, da hannunsu suka ba 'ya'yansu, don ƙauna.

Mafi yawan zazzaɓin da ake kira haƙori, a Kumasi wajibi ne a fara zargin cizon sauro. Gaskiya ne cutar ta ja da baya: a 2014 kimanin kashi 27 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a faɗin Gana suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, a 2022 ba su kai kashi 9 ba. Wannan ci gaban ya zo da darasi biyu. Na ɗaya, ba kowane zafin jiki ne maleriya ba yanzu, don haka gwajin ɗigon jinin yatsa, wanda ba ya wuce minti 15 zuwa 20, ya zama dole kafin a sha magani. Na biyu, idan gwaji ya nuna ita ce, sai an shanye maganin kwana uku cif. Gana ta bar kulorokwin tun tsakiyar shekarun 2000 saboda ya daina aiki, ta koma magungunan haɗi masu atemisinin. Abin da aka saba gani a gidajenmu shi ne a ba yaro na rana ɗaya, jiki ya yi sanyi, a ɗaga sauran a kan kwaba don wani ya yi zazzaɓi gaba. Ƙwayar cutar da ta rage tana nan tana cin jini a hankali. Uwa ta riƙa buɗe tafin hannun ɗanta da cikin fatar idonsa. In ta ga sun yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma wannan ba aikin jiƙo ba ne.

Yankin Asante yana da hannu a babban makamin da aka samu kwanan nan. Garin Agogo na cikin wuraren da aka gwada allurar rigakafin maleriya ta RTS,S daga 2009, kafin Gana ta fara ba da ita a wasu gundumomi ranar 30 ga Afrilun 2019, tare da Malawi da Kenya a shekarar. Bayan shekaru huɗu aka ga mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100 a wuraren da aka bayar. A Afrilun 2023 kuma Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ta biyu, R21. Allurar ba ta kore gidan sauro. Tare suke aiki. Na san zafin ɗakin Zango a watan Maris, mutum biyar a ciki, taga ɗaya, fanka ta tsaya saboda an ɗauke wuta. Duk da haka in gidan sauron ɗaya ne tal, jariri da mai ciki ne suka fi cancanta da shi.

Ranar da zazzaɓi ya kai yaro ga jijjiga, ido ya kafe, haƙora suka datse, ranar ce tsakar gida ke rikicewa. Wannan ta kawo cokali a cusa a baki, waccan ta kawo tafarnuwa da manja, wani ya turara hayaƙi a hanci. Cokali na karya haƙori ya yanka harshe. Manjan da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Abin yi kaɗan ne: a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufa, kada a sa komai a bakinsa, a nemi abin hawa. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota.

Maɗiga da bentuwa

Maɗigar da ta faɗa tana da fassara iri-iri a Zango, har da shafa mata haɗin ganye ko toka. Ma'anarta a jiki ɗaya ce: ruwa ya ƙare. Zawo da amai sun tsotse yaron, ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, in ka ja fatar cikinsa sai ta daɗe ba ta koma ba. Ruwan gishiri da sukari na cikin 'yar takarda, a haɗa shi da ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikinta, a riƙa ba shi cokali-cokali ko yana amai, a ci gaba da shayarwa. A haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, wadda ke rage tsawon zawon ta kuma jinkirta dawowarsa. Kuɗinsu bai kai na kwanon waken shinkafa ba.

Wani abin da muka ara wurin maƙwabta shi ne bentuwa, 'yar robar nan da ake ɗura wa yaro ruwan ganye ta dubura, wani lokaci da citta ko barkono, wai a wanke masa ciki. Yaron da zawo ya riga ya zuƙe, a ƙara masa wata hanyar zubar da ruwa, a ƙona masa hanji da yaji. Ina roƙon iyayenmu mata, don girman Allah, a ajiye wannan roba.

Amma zalunci ne a tsaya kan uwa kaɗai a maganar zawo. Ita ba ta gina gidan haya ba bayi. Gidaje da yawa a unguwannin nan sun dogara da bayin gwamnati na biya, inda babba ke bin layi da asuba, yaro kuwa sai fo, ko leda, ko bakin kwata. Rafin Aboabo ya zama juji mai tafiya. Ruwan sama ya yi ƙarfi, sai ya haura ya shiga ɗakuna da duk abin da ya kwaso. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, har da ma'aikata ta musamman da aka rushe a 2021, kuma tsabtar muhalli na cikin ayyukan da aka ɗora wa asusun. Mai son ya auna aikin kowace gwamnati a Zango, ya ƙirga bayi da magudanar ruwa kafin ya ƙirga filin ƙwallo.

Tarin hunturu kuwa, wanda ƙura da hayaƙin gawayi ke tsananta shi, yawanci mura ce mai wucewa da kanta. Alamar da ke raba ta da limoniya tana ƙirji. A ɗaga rigar yaro lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, kada a jira gari ya waye.

Kwana bakwai kafin suna

Cikin waɗancan yara 40 da ake rasawa a kowane 1,000, 17 a watan farko suke tafiya, akasari a makon farko. Makon nan kuwa shi ne wanda al'adarmu ta ce jariri da mai jego su zauna a ɗaki har ranar suna. Ɗakin an sake labule, an rufe taga saboda iska, an naɗe jariri da zani da hula da safa. A cikin wannan duhu ne shawara ke shiga ba wanda ya gani.

Jarirai da yawa kan yi ɗan rawaya a kwana na biyu ko na uku, ya wuce lafiya. Amma in rawayar ta fito tun ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko jariri ya yi laushi ya ƙi nono, sinadarin da ke kawo rawayar na iya haurawa ƙwaƙwalwa. Yaron da ya tsira daga wannan kan tashi da kurumta, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama har abada, sai a ce aljanu ne suka musanya shi. Shanya jariri a hantsi ba ya isa magani, ruwan gulukos ma haka. A asibiti akwai fitila mai shuɗin haske da ke narkar da sinadarin, in ya yi yawa a sauya jini. Ƙungiyar likitocin yara ta Gana ta ware watan Mayu na kowace shekara don wayar da kai a kan wannan ciwo kaɗai, abin da ke nuna yawan waɗanda ake kawo musu a makare. Abu mai sauƙi ne uwa ko kaka ta fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya, ta danna goshinsa da hancinsa da yatsa, ta dubi launin fatar da farin idon a hasken rana.

Ga kuma kafur. Ƙwallayen nan farare masu ƙamshi da ake zubawa a akwatin kayan jariri, wasu har a ruwan wanka. Yara da yawa a Afirka ta Yamma, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jariri, shaƙar kafur ko sa rigar da ta kwana cikinsa na iya farfasa masa jini, shawara ta taso gadan-gadan. Uwar da ta fi kowa tsabta da son ƙamshi, ita ce abin kan faɗa wa, don ba wanda ya taɓa gaya mata.

Cibiya ma haka. Gashi da tsumma, man kaɗanya, man goge baki, toka, duk don ta faɗi kafin suna. Cibiya buɗaɗɗiyar ƙofa ce zuwa jini. Maganin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa na shafawa, kulohekzidin, shi kaɗai ya isa, in ta ga dama ta kai kwana goma. Wanzami kuwa a bar masa askin suna da sabuwar reza. Cire belu ga jariri ba ya hana tari ko amai, zubar jini da ƙwayar cuta kawai yake jawowa.

Asram ta fi duka wuyar sha'ani, domin an yarda cewa "ba ciwon asibiti ba ne". Masu bincike a Gana sun daɗe suna rubutu a kanta, sun ga alamomin da ake tarawa ƙarƙashin sunan: jariri ya ƙi nono, ya rame, jijiyoyi su fito kore a ciki ko a ka, ya yi ta kuka ko ya yi shiru da yawa. Waɗannan su ne ainihin alamomin da likita ke kira cutar jini, ko rashin isasshen nono, ko haihuwar bakwaini. Iyaye sun ga ciwon daidai, idonsu bai yi ƙarya ba. Sunan ne ya juya su daga hanya. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, awa ɗaya ma tana da tsada.

Koko da kwanika

Kokon Hausawa ya zagaye Gana, har a Akara da Takoradi da sunanmu ake sayar da shi. Babba ya sha da ƙosai ya ƙoshi. Ɗan wata takwas kuwa tsararon ake tace masa, ruwa-ruwa, ya cika ɗan cikinsa ba tare da ya ba shi abin gina jiki ba. Binciken 2022 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran ƙasar na fama da ƙarancin jini, kuma kimanin ɗaya cikin shida ya tsumbure. Gyaran yana cikin kasuwar Asawase da ta Aboabo: garin gyaɗa, garin waken suya, garin ƙananan kifi, ƙwai, ɗan manja, miyar ayoyo ko kontomire. Koko ya yi kauri har ya tsaya a cokali. Kafin wata shida kuwa nono kaɗai, ko ruwa ba ya buƙata.

Kalmar kwashiyoko da likitocin duniya ke amfani da ita, daga ƙasar nan ta fita. Likita Cicely Williams ce ta bayyana cutar a 1933 tana aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a Akara, a 1935 ta kira ta da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga: ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Bahaushe ya san wannan sarai, shi ya sa yake da kalmar kwanika, yake da tamowa. Inda muka kuskure shi ne yaye na dare ɗaya, da zarar an gane ciki ya shiga, wai nono ya lalace. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Gubar ita ce a raba yaro da nono yau, gobe a miƙa shi gidan kaka da kofin koko.

Ajuji da Sumina

Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Bahaushe ya ce tana wabi, ya sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta raina shi ta ƙyale. Asantawa na sa Sumina, ma'anarsa juji. Al'ummu biyu, dabara ɗaya, hawaye ɗaya. Likitoci sun daɗe da gane cewa wani kaso na irin waɗannan mace-mace amosanin jini ne, wato sikila.

A nan Kumasi tana da abin alfahari. A 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, ɗan Gana da ya yi suna a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka, wanda shi kansa ya haifi ɗa mai cutar, ya jagoranci fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a wannan gari, da ɗigon jini daga dunduniya. Aikin ya nuna kimanin jarirai 2 cikin kowane 100 na zuwa da sikila. Ya rasu a 2022, asibitin sikila na Gee kuma yana nan yana aiki. Amfanin ganewa da wuri shi ne a fara ba jariri fenisilin kullum tun yana 'yan watanni, a cika masa rigakafi, a kare shi daga sauro, a koya wa uwa taɓa saifa da gane kumburin hannu da ƙafa. Yanzu ga haidiroksiyuriya da ke rage tashin ciwon.

Akwai abin da ya shafi Zango musamman. Nau'in jini na C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito. Mai AS ya auri mai AC, suna ganin sun tsira tunda ba AS biyu ba ne, alhali kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SC, wanda shi ma sikila ne. Jihar Kano ta mayar da gwaji kafin aure doka a 2024. Limamanmu ba sa buƙatar jiran majalisa kafin su tambayi takardar gwaji, tun kafin a kai goro.

Tsakar gida da bakin titi

Gidan da madafarsa ita ce filin wasan yara, ƙuna ba ta nisa. Tun a shekarun 1990 Dokta Samuel Forjuoh ya bi gidaje a yankin Asante yana nazarin ƙunar yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, ya samu kusan duka a gida take faruwa, a madafa ko a tsakar gida, kuma ruwan zafi da abinci mai zafi ne kan gaba. A Zango ƙara da sana'a: tukunyar koko, kaskon ƙosai da na pinkaso, ruwan wankan jego da aka sauke aka juya baya. In ta faru, a zuba ruwan famfo mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsabtataccen zani, a tafi. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da manja da shuɗin magani, duk sai ma'aikacin jinya ya kankare su daga kan raunin kafin ya fara aiki, yaro na ihu.

Likitocin yara na Gee sun wallafa cewa kananzir ne kan gaba cikin gubar da ake kawo musu yara sun sha. Dalilin a bayyane yake: a robar lemo ko ta ruwa ake ajiye shi, a ƙarƙashin gado. Taimakon farko da aka saba, a ɗura manja don ya yi amai, shi ke tura kananzirin cikin huhu. Wanda ya fi muni shi ne sodar yin sabulu. In an jiƙa ta, ba ta da launi, kamar ruwan sha. Kurɓa ɗaya na ƙona maƙogwaro, ya warke ya tsuke, yaro ya shekara ana ciyar da shi ta bututu a ciki. Duk mai sana'ar sabulu a gidan haya, amanar 'ya'yan maƙwabta na wuyanta.

A waje kuma ga kekunan firagiya da aboboya suna kutsawa lungunan da ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, daidai lokacin da yara ke fitowa daga makarantar allo da magariba, ɗan shekara shida riƙe da hannun ɗan shekara uku.

Kati, izini, da ranar awo

Ba suna kaɗai ke cinye kwanaki ba. Akwai kuɗi. Dokar inshorar lafiya ta 2003 ta zo ne don kashe tsarin "biya kafin a duba ka", daga 2008 aka ɗauke wa masu ciki kuɗin awo da haihuwa, yara 'yan ƙasa da 18 kuma ba sa biyan kuɗin shekara sai ɗan na rajista. Tun ƙarshen 2018 ana sabunta kati ta waya da *929#. Duk da haka sau nawa ake isa taga da yaro a hannu kafin a gane katin ya mutu tun bara? Ko da katin na raye, wani magani sai an fita waje an saya, kuma yinin da uwa ta yi a layi yini ne da ba ta sayar da komai ba. Waɗannan ba uzurin banza ba ne.

Akwai izini. Maigida yana Kejetia, ko ya yi lodi zuwa Bawku ko Yamai, wayarsa ba ta shiga, matar kuma ba ta saba fita ba tare da ya sani ba. Magidanci na iya warware wannan da magana ɗaya tun yau: duk ranar da yaro ya yi zafi, ki tafi, kin samu izinina, ga kuɗin mota a wuri kaza. Akwai kuma tsoron faɗa. Uwar da aka taɓa daka wa tsawa a gaban jama'a don ta makara, ko amaryar da aka kawo daga Nijar ba ta jin Tonanci, za ta yi ta jinkiri karo na gaba. Ma'aikatan jinya na aiki cikin matsi, na sani, amma tsawa ɗaya kan kori uwa shekara guda.

Ranar awo, wadda a nan ake ce wa weyin, ita ce zaren da ya fi ƙarfi tsakanin gida da asibiti. Tun 2018 littafi ɗaya ne ke ɗauke da tarihin uwa da na ɗa, daga ciki har shekara biyar. Allurar haihuwa, ta mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara a wata 9, sannan ta wata 18 wadda aka fi mantawa saboda yaro ya fara gudu, an ɗauka ya girma. A Afrilun 2012 Gana ta shigo da rigakafin limoniya da na zawon rota a rana ɗaya. A farkon 2023, da wasu allurai suka yanke a ƙasar na 'yan watanni, nan da nan ƙyanda ta ɓulla a arewa. Mu da ke da dangi a Kano kuma ba mu manta 2003 ba, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a can, cutar ta bi hanyoyin fatauci ta sake shigowa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Gana.

A wurin awon, kafin a fara rataya yara a sikeli, nas kan tsaya ta yi bayani a kan nono da gidan sauro da alamomin haɗari. Masu sauraro a kan benci akasarinsu 'yan shekara ashirin da wani abu ne, waɗanda in sun koma gida ba su da bakin musa wa uwar miji. Zango na da wuraren da manyan mata ke taruwa: makarantun islamiyya na iyaye, taron suna, ƙungiyoyin adashi, shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyo irin su Zuria FM. Can ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa, su zauna a tabarma, su ce "Hajiya, ku kuka riga mu ganin yaron, ga abin da muke so ku duba mana." Tsohuwar da za ta sa yatsa a dasashin yaron gobe da asuba tana zaune a gida ranar awo, ba wanda ya aika mata.